Tambaya ga injiniyoyi: motar da ke wucewa za ta iya gane gadar da ta fara lalacewa?

Mai Tirela:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karatu a nan ban taɓa rubutu ba. Yau wata damuwa ce ta kawo ni, kuma na san akwai injiniyoyi a cikinmu.

Shekara 14 na yi ina jan tirela tsakanin Kano da Legas kafin ciwon baya ya sauke ni daga mota. Yanzu motocin kawuna nake kula da su, guda 11. Hatsi da albasa muke kaiwa kudu, mu hauro da siminti ko kayan kamfani. A daminar 2017, lokacin da gadar Tatabu ta karye a hanyar Mokwa zuwa Jebba, ina cikin waɗanda abin ya rutsa da su a layi. Kwana huɗu muka yi, albasar da na ɗauko fiye da rabinta zubarwa aka yi. Amma ba albasar ce ta tsaya mini a rai ba. Mako guda kafin nan na haye gadar da buhun siminti 600 a bayana, yaron motata yana barci a gefena, ban ji komai ba, ban ga komai ba. Har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi.

To ga abin da ke faruwa yanzu. Akwai wata gada da motocinmu ke bi, kowace mota kamar sau biyu a mako. Ba zan faɗi sunanta ba, don kada in tayar wa jama'a hankali a kan abin da ban tabbatar ba. Ba babba ba ce, ginshiƙai biyu gare ta a cikin rafin, tsakaninsu taku 25 ne da ƙafata. Tun da damina ta ɗauke direbobina uku suka ce mini tana rawa fiye da yadda suka saba, kuma kowa daban ya same ni, ba haɗa baki suka yi ba. Ruwa ba ya tsami banza. Ranar Asabar na je da kaina, na ajiye ƙaramar mota a gefe, na tsaya a tsakiyarta. Da tanka mai lodi ta zo wucewa sai na ji abin har gwiwoyina. Sai dai ban taɓa tsayawa a kanta da ƙafa ba sai ranar, don haka ba ni da abin kwatantawa.

Ɗan yayata da ke karatun injiniya ya ce mini yanzu akwai masu binciken da ke sa na'ura a cikin mota, motar ta haye gada kawai, daga girgizar da ta ɗauko a gane ko gadar na da lafiya. Har ya ce da wayar hannu ma an gwada. Shin gaskiya ne? Idan gaskiya ne, mu da muke da motoci 11 a kan hanya dare da rana, kowace da tiraka a jikinta, wato na'urar da ke nuna mana inda mota take, ba abin da za mu iya yi? Sannan rawar da direbobina ke ji, ita kanta alamar lalacewa ce?

'Yar Samaru:

Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya ƙara kiyayewa. Gaskiya ɗan yayarka ya faɗa maka, kuma a wannan fannin nake bincikena, don haka ka yi haƙuri idan na ja zancen.

Ka san yadda iyayenmu mata ke yi idan za su sayi randa ko tulu: sai an ƙwanƙwasa an saurara. Mai lafiya tana amsawa tar, mai tsaga tana amsawa a dushe. Tushen abin ke nan. Kowace gada tana da muryarta, wato sau nawa take kaɗawa sama da ƙasa a cikin sakan ɗaya idan abu ya taɓa ta ya sake ta. Abu biyu ke yanke wannan adadi, taurin gadar da nauyinta. Idan taurin ya ragu, ko don tsaga, ko don tsatsa ta ci rodi, ko don ruwa ya kwashe ƙasar da ke riƙe da ginshiƙi, muryar sai ta sauka, kamar tsarkiyar garaya da ta saki. Gada irin taka, mai kusan mita 20 tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi, tana kaɗawa wajen sau 5 a sakan. Kunnen mutum ba ya fara jin sauti sai an kai wajen sau 20, shi ya sa a gwiwa ka ji ta.

Yadda aka saba shi ne a manna na'urorin auna girgiza a jikin gadar, a ja musu waya, a ba su wuta, a sa mai kula da su. Kuɗi ne masu yawa, shi ya sa manyan gadoji kaɗai ke samu, ƙananan da suka fi yawa a bar su. A 2004 Farfesa Y. B. Yang na Jami'ar Ƙasa ta Taiwan da abokan aikinsa biyu suka nuna a lissafi cewa motar da ke kan gada ai tare suke kaɗawa da ita, don haka muryar gadar tana ɓoye a cikin girgizar motar. Shekarar da ta biyo baya suka ɗaura ƙaramin amalanke mai na'ura a bayan mota, suka ja shi a kan wata gada a Taiwan, kuma suka samu muryar da ta yi daidai da wadda aka auna a jikin gadar. Abin ya fito sarai ne idan gudun bai kai kilomita 40 a awa ba. Da gudu ya ƙaru sai ya fara ɓacewa.

Maganar waya ma haka take. A 2022 masu bincike daga jami'ar MIT ta Amurka suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi a gadar Golden Gate ta San Francisco, wadda tsakanin hasumiyoyinta biyu mita 1,280 ne. Sun haye ta fiye da sau 100 da wayoyi a cikin mota, suka haɗa da bayanan wasu direbobin Uber, suka ciro muryoyin gadar. Sun kuma gwada wata gajerar gadar kankare a Ciampino, kusa da birnin Rum a Italiya. Na'urar da suka dogara da ita ita ce wadda ke juya maka fuskar waya idan ka kwantar da ita.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa, kuma ina so ka bi ni da lissafin, ba shi da wuya. Idan gada ta rasa kashi 10 cikin 100 na taurinta gaba ɗaya, wanda ba ƙaramar ɓarna ba ce, muryarta kashi 5 kacal za ta sauka. Daga 5 ta koma 4.75 ke nan. Direbanka kuwa, idan yana gudun kilomita 60, mita 20 ɗin nan a sakan 1.2 zai wuce su, gadar ba ta yi kaɗawa fiye da shida ba. Daga kaɗawa shida ake so a gane bambancin 5 da 4.75. Sannan motar tana da tata rawar. Jikin tirela a kan sifirin yana tsalle wajen sau 2 zuwa 4 a sakan, tayoyi da gatari wajen sau 10 zuwa 15, ga inji, ga gargadar hanya, wadda ita ce babbar mai gardama, don rami ɗaya a bakin gada yana iya danne muryar gaba ɗaya. Golden Gate ta fi sauƙi ta wannan ɓangaren, domin kaɗawarta mafi nauyi tana cin kusan sakan 10, ta yi nisa ƙwarai da tsallen mota. Gajerun gadoji irin namu kuwa muryarsu tana zaune ne daf da ta motar.

Dabarun da ake bi su ne a rage gudu sosai, a sa na'ura a gatari biyu da ke bin sawu ɗaya, a cire abin da ɗaya ta ji daga na ɗayar don gargada ta fita, sannan a tara hayewa ɗaruruwa. Wannan na ƙarshen shi ya sa tambayarka ta burge ni. Abin da mai bincike ke wahalar samu, wato mota ɗaya ta bi gada ɗaya mako bayan mako tsawon shekaru, kai kana da shi a hannu. Hayewa ɗaya da waya ɗaya ba za ta gaya maka komai ba. Hayewa 1,000 a shekara tana iya nuna cewa wani abu yana sauyawa.

Baba Tsohon Direba:

Ɗana Mai Tirela, sannu da ƙoƙari. Ni jikata ke rubuta mini, idona ya yi rauni. Na fara tuƙi tun ana yayin gingimari mai bodin katako, na bar mota bayan shekara 40 da wani abu. Ban san lissafin da 'yata ta Samaru ta yi ba, Allah Ya ƙara mata basira, amma zan faɗi abin da na sani.

Duk gada tana rawa. Wanda go-sulo ya taɓa riƙe shi a kan gadar Kwara ta Anaca ya sani, motarka a kashe amma kana jin ana lilo da kai. Wadda ba ta rawa ma mu tsoronta muke ji. Abin da muke lura da shi shi ne sauyi. Idan ka saba hawa gada tayarka ta ce “gaf” sau ɗaya a baki, sai wata rana ta ce “gaf-gaf”, ko ka ji gaban mota ya ɗan nutsa kafin ya hau, to an samu matsala a bakin. Haka idan ka hango ƙarfen gefenta daga nesa ka ga ya ɗan lanƙwasa a daidai kan ginshiƙi, alhali da a miƙe yake.

Kuma duk gadojin da na san sun tafi a ƙasar nan tamu, da damina suka tafi. Ruwa ne ke ci ta ƙasa, sama kwalta lafiya lau. Tatabun da ka ambata ruwa ne. Ta Namnai a Taraba da ta karye a 2024 ita ma ruwa ne. Kai da ka ce ba ka ji komai ba mako guda kafin nan, kada ka zargi kanka, wataƙila lokacin ba abin ji. Ruwan dare ɗaya yana iya kwashe abin da ya yi shekara 30 a tsaye.

Ka saurari direbobinka. Mutum uku ba za su ji abu ɗaya a banza ba. Amma ka sauka ƙarƙashinta yanzu da rafi ya ja baya. Gani ya kori ji.

Injiniyan Hanya:

Baba ya riga ni faɗin abin da ya kamata a fara yi. Shekara 22 ke nan ina aikin hanya, yawancinsu a ƙarƙashin gadoji da kwalbatoci na yi su, kuma ina so in ɗan ja wa ƙanwata 'Yar Samaru birki, ba don ta faɗi kuskure ba.

Malam, ka raba abu biyu a ranka. Akwai ƙarfin rawa, akwai saurin rawa. Abin da direbobinka ke ji ƙarfin ne. Abin da na'ura ke nema saurin ne. Sau da yawa idan aka ce gada ta ƙara rawa bayan damina, in na je sai in tarar mahaɗin ƙarfen da ke bakinta ya fashe, ko ƙasar bakin ta zauna an samu ɗan tudu. Tirela mai lodi ta daki wurin, ta hau gadar tana tsalle, kowane tsalle duka ne a kan kankare. Gadar ba ta lalace ba tukuna, amma ana kan lalata ta. Wannan gyaransa mai sauƙi ne idan an yi da wuri.

Game da murya, akwai gwaje-gwajen da suka sa nake taka-tsantsan. A 1993 akwai gadar babbar hanyar I-40 a kan kogin Rio Grande a birnin Albuquerque na jihar New Mexico ta Amurka, wadda za a rushe. Kafin a rushe ta aka ba masu bincike dama suka dinga yanka babban ƙarfen da ke ɗauke da ita, mataki huɗu, suna aunawa bayan kowane yanka. Yanka uku na farko muryar kusan ba ta motsa ba, a biyun farko ma ɗan hawa ta yi saboda sauyin zafi. Sai a yanka na huɗu, da aka raba ƙasan ƙarfen gaba ɗaya, sannan ta sauka a fili, kuma ko a nan saukar ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba. Ka ga ke nan randa ta fi gada saurin tona asirin kanta. A wata ƙaramar gada ta Alamosa Canyon, a jihar New Mexico ɗin dai, an ga muryar tana hawa da sauka kusan kashi 5 a cikin yini guda, ba abin da ya same ta sai rana da ta dafa samanta ƙasanta na sanyi. Kashi 5 ɗin nan fa shi ne wanda ƙanwata ta ce yana nufin asarar kashi 10 na tauri. A Suwizalan ma an sa wa gadar Z24 ido kusan shekara guda kafin a rushe ta a 1998, aka ga idan sanyi ya daskarar da kwalta muryar tana tashi sosai. Mu ba mu da ƙanƙara, amma ka auna asubahin hunturu da azahar ta watan Afrilu, lokacin da kwalta ke laushi. Ga kuma yashi da ke cika mahaɗi ya hana gadar miƙewa.

Sannan ba kowace cuta ce ke taɓa murya ba. Gadar Silver da ta faɗa kogin Ohio a Disambar 1967 ta kashe mutum 46, tsaga ce 'yar ƙarama a ƙarfe guda. Bayanta ne Amurka ta kafa dokar duba gadoji, wadda ta sa ake zuwa a duba yawancinsu duk shekara biyu, da ido da hannu da guduma.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na gadar Morandi a Genoa ta Italiya. A 2017 masana daga jami'ar Politecnico ta Milan sun auna girgizarta, suka ce igiyoyin da suka sauko daga ginshiƙi na 9 suna riƙe da gadar ba sa amsawa yadda ya kamata, a zurfafa bincike. Ranar 14 ga Agusta 2018 wannan ginshiƙin ne ya rufto, mutum 43 suka rasu. Aunawa ta yi aikinta. Abin da ya biyo bayan aunawar ne bai zo a kan lokaci ba.

Inda na yarda da wannan fasaha ɗari bisa ɗari shi ne wajen tantancewa. Jiha ɗaya tana da gadoji da kwalbatoci fiye da yadda ma'aikatanta za su iya zagayawa a shekara. Idan motoci za su ce mana “ku fara da waccan”, an rage mana rabin wahala. Kuma zaizayar ƙarƙashin ginshiƙi, wadda Baba ya ambata, tana cikin abubuwan da suka fi taɓa murya, don idan ƙasa ta bar ginshiƙi duk gadar ce ke saki, ba wuri ɗaya ba. Ko a Amurka wannan ce kan gaba wajen kayar da gadoji, ita ta kayar da ta Schoharie Creek a jihar New York a 1987, mutum 10 suka rasu. Wahalarta ita ce idan ambaliya ta janye, laka da yashi kan koma su cike ramin, mai dubawa ya zo da rani ya ga kamar lafiya.

Idan ka sauka, duba gindin kowane ginshiƙi ko faffaɗan kankaren da ya kamata ya kasance a binne ya fito. Duba ƙasan bim, wato dogayen dirkokin da aka gicciya kan ginshiƙai suna ɗauke da hanyar, musamman kusa da inda ya zauna, ko akwai tsaga a karkace, ko jan tsatsa na zubowa, ko kankare ya ɓare rodi ya bayyana. Duba matashin robar da ke tsakanin bim da ginshiƙi ko ya tsage ko ya zame. Ka kuma duba ko ana ɗibar yashi kusa. Ɗauki hotuna, kowane da abu a gefensa don a gane girma, ko da takalminka ne.

Mai Tirela:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, maganarka a kan Tatabu ta sauke mini wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi. Injiniya, gobe Juma'a bayan masallaci zan sauka in duba insha Allahu. Saura maganar tiraka, ba wanda ya taɓa ta. Duk wata muna biyan kuɗinta, ina ganin kowace mota a wayata, har idan direba ya taka birki da ƙarfi tana gaya mini. Ba za ta yi wannan aikin ba?

Ɗan Yamai:

Sallama Alhaji. Ni gyaran salula da sa wa kamyo, wato manyan motoci, tiraka ne sana'ata a nan Yamai, bari in amsa wannan. Yawancin waɗanda muke sawa suna da na'urar jin motsi a ciki, da ita suke gane birki mai ƙarfi. Amma ba sa ajiye girgizar, suna jira ne ta wuce wani mizani su aika saƙo. Wurin da motar take kuwa duk bayan sakan 10 ko 30 ko minti guda suke aikawa. Malama ta ce gadarka a sakan ɗaya da ɗan kai ake wuce ta, ka ga tirakar ba za ta ma san an hau gada ba. Ka tambayi wanda ya sa muku ko tasu tana iya ajiye ɗanyen bayanin, amma kada ka sa rai.

Waya ta fi ta. Akwai manhaja kyauta mai suna phyphox, jami'ar Aachen ta Jamus ce ta yi ta don 'yan makaranta. Tana karanta girgiza sau 100 ko fiye a sakan, ya danganta da wayar, kuma ƙa'idar ita ce a karanta aƙalla ninki biyu na abin da ake nema, don haka ta wadatar. Tana fitar da bayanin a fayil ka tura ta WhatsApp. Kada a riƙe wayar a hannu, kada a ajiye ta a kujera, don kujerar direba tana da nata sifirin. A ɗaure ta tam a kan ƙarfe, wuri ɗaya kullum, waya ɗaya kullum.

Na taɓa gwadawa a gadar Kennedy tamu, wadda aka buɗe a 1970, lokacin da cunkoso ya tsayar da mu. A tsaye abin ya fi fitowa fiye da a tafe. Shi ya sa nake ganin tunda kana iya zuwa wurin, ka kwantar da wayar a kan gadar kanta, a gefe, tsakiyar ginshiƙan biyu, ka bar ta tana karantawa har motar ta sauka. 'Yan sakan ɗin da gadar ke kaɗawa ita kaɗai bayan mota ta wuce su ne mafi tsabta.

Ka fara gaida mai garin wurin ka gaya masa abin da ya kawo ka, ka sa riga mai ƙyalli, ka tafi da wanda zai tsaya maka da tuta. A halin da ake ciki, baƙo a tsugune kan gada da na'ura yana iya jawo wa kansa tambayoyi.

Mai Tirela:

Assalamu alaikum, na dawo. Na je, na bi ta wajen mai gari kamar yadda Ɗan Yamai ya ce, har ya haɗa ni da ɗansa muka sauka tare.

Injiniya, kamar kana wurin. Mahaɗin bakin arewa ya fashe, ƙarfe ɗaya ya ɗago, gabansa rami ya kai zurfin tafin hannu. Ƙasan bim ban ga tsaga ba, sai wuri ɗaya da kankare ya ɓare kamar faɗin faranti, rodi biyu sun fito sun yi ja. Abin da ya tsorata ni ginshiƙi na biyu ne. Faffaɗan kankaren gindinsa duk a waje yake, kuma ta gefen da ruwa ke bugowa na tura hannuna ƙarƙashinsa har kafaɗa ban taɓa ƙasa ba. Yaron ya ce bara wannan wurin a rufe yake, a kansa suke zama su yi wanki. Ƙasa da gadar kaɗan, bai fi taku 60 ba, ga sawun tifa nan da ramukan da aka ɗebi yashi.

Na ɗauki hoto 17. Na kuma kwantar da waya a tsakiya na ɗauki wucewar manyan motoci tara, tsakanin ƙarfe 4 da 5 na yamma. Malama, in turo miki?

'Yar Samaru:

Turo mini ta akwatin saƙo, Malam, tare da sunan wayar da kuma wurin da ka ajiye ta daidai. Zan ciro muryar in ajiye, amma ka sani adadin da zai fito yau ba zai ce lafiya ko ba lafiya ba, tunda ba mu da na bara. Shi ne zai zama ma'aunin da za mu riƙa komawa gare shi. Idan za ka iya, a maimaita duk mako a wuri ɗaya da lokaci ɗaya, gara da sassafe kafin rana ta dafa kwalta, a rubuta ko an yi ruwa. Zan so kuma mu zaɓi mota ɗaya a cikin 11 ɗin mu ɗaura mata waya, direban ya riƙa hawa da kilomita 20, ana rubuta lodin da ya ɗauko, don nauyin tirela a kan gajerar gada shi ma yana sauke muryar. Sai mu ga ko abin da motar ta ɗauko zai yi daidai da na kan gadar. Yayana Injiniya ya fi ni sanin abin da hannunka ya gano a gindin ginshiƙin nan, shi za ka bi.

Injiniyan Hanya:

Malam, wannan ba na jiran lissafi ba ne. Na ga hotunan da ka turo. Tun daga yau ka gaya wa direbobinka su hau a hankali, kuma kada biyu masu lodi su haɗu a kanta, ka kuma sanar da shugabannin tasharku su gaya wa sauran. Rubuta takarda shafi ɗaya, ka buga hotuna biyar mafi bayyana, na ginshiƙin a sama. Idan hanyar tarayya ce, ofishin kwanturolan ayyuka na tarayya da ke jihar za ka kai, idan ta jiha ce, ma'aikatar ayyuka. Ka kai da hannunka, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Roƙi mai garin ya sa hannu, kuma ya yi magana da masu ɗibar yashin su matsa nesa. Yanzu muna Disamba, ana iya cike gindin a jera duwatsu kafin ruwan farko idan an fara da wuri.

Mai Tirela:

Na riga na kira direbobin duka, na kuma yi magana da shugaban tasharmu. Hanyar ta jiha ce. Mai gari ya ce in zo Lahadi da yamma ya sa hannu, Litinin da safe in wuce ma'aikatar. Malama, fayil ɗin tara suna akwatinki, na shida motoci biyu ne suka haɗu a kai, na sa masa alama.